Tambayoyi Shida da Na Mayar Ɗaya

'Yar'uwarku Zainab ce ta jawo wannan babi, ba da saninta ba. Kwanakin baya da ta zo hutu muna cin tuwo a tsakar gida, tana ba mu labarin aikinta na harhaɗa magunguna kamar yadda ta saba, ta cika mu da surutu har miya ta huce. Can cikin zance ta ce wai yanzu masana sun fara sauya tunani a kan maganin ciwon daji. A da, in za a fitar da sabon magani, sai a yi ta ƙara wa majinyaci awo har a kai inda jikinsa ya kasa ɗauka, a ja baya kaɗan, a ce wannan shi ne awon da ya dace. Yanzu kuwa, in ji ta, abin da ake nema shi ne awon da zai yi aikin ba tare da ya rusa mutum ba, domin sau da yawa kaɗan ɗin ya riga ya gama aiki, ƙarin da ake yi azaba ce kawai. Ta faɗi wannan tana zare ƙaya daga kifi. Ni kuwa na tsame hannuna daga kwano na ce na ƙoshi. Kuka ɗauka ciwon ƙirjin nan ne ya motsa, har Sadiku ya tashi ɗauko mini ƙwaya. Ba ƙirji ba ne.

Tun kuna yara ake gaya muku ciwon daji ne ya kashe kakarku Inna Dije, mahaifiyar uwarku. Ni ma na sha faɗa muku haka da bakina. Tana da daji kam, a nononta na hagu, amma ba shi ya kwantar da ita a wannan daminar ba. Magani ne ya wuce kima, kuma ta bakina ya bi ya isa jikinta. Zan faɗa muku yadda aka yi daki-daki, kuma kada wani ya tare ni da "ai Baba ƙaddara ce". Na girme ku a sanin ƙaddara.

Lokacin muna cikin tsohuwar jihar Borno, soja ke mulki, ni kuma ina malamin asibiti a wani ƙaramin asibitin kuɗi a Gashuwa wanda yanzu ko harsashinsa ba za ku samu ba. Gadaje 'yan kaɗan, firij ɗaya mai aiki da kananzir, Sista ɗaya mutuniyar kudu wadda Hausarta ta cefane ce, sai likita ɗaya. Likitan baƙo ne daga ƙasar waje, mutum mai son aikinsa, mutanen gari suna ce masa Mai Tabarau. Hausarsa ba ta wuce "sannu" da "gobe" ba. Saboda haka ni ne bakinsa, ni ne kunnensa. Abin da na ce masa majinyaci ya faɗa, shi ya faɗa. Kuma ba zan ɓoye muku ba, ina ji da kaina a lokacin. Farar riga, biro uku a aljihu, in na ratsa kasuwa ana "Malam Garba, Malam Garba". Har tafiyata sai da ta canja.

Inna Dije Bafillatana ce ta ainihi. Mutanensu sun daɗe da zama a wajen Karasuwa da shanunsu, da mijinta ya rasu sai ta koma Nguru gidan kawunku Haruna, wanda a lokacin yake lodin shanu a jirgin ƙasa zuwa Kano. Uwarku Habi ita ce 'yar farinta, don haka ba ta taɓa kama sunanta ba, sai dai ta ce "waccan ta Gashuwa". In sun haɗu gaisuwa ce kawai, kowa ya kalli gefe. Ni kuwa da nake suruki ai ba a magana. Shekara tara ina auren 'yarta ban taɓa ganin fuskarta sosai ba. In na je gaisuwa sai in cire takalmi tun daga zaure, in durƙusa a bakin ƙofar ɗakinta, ita kuma ta ja mayafi ta juya fuska ga bango, mu gaisa a haka. Ko ruwa ba ta taɓa sha a gabana ba. Mutum ɗaya ce a duniya Inna take sakin baki da ita, wata maƙwabciyarsu Babarbariya mai sayar da bandar kifi, Ya Falmata. Kun san wasan da ke tsakanin Barebari da Fulani. Tun safe suke zagin juna ta kan katanga, wannan ta ce "baiwata", waccan ta ce "ke ce dai baiwata", har rana ta faɗi. Ya Falmata ce take yi mata kitso, ita ce kuma ta gano ƙullutun da Inna ta shekara tana ɓoyewa, ta tayar da hankalin gidan har Haruna ya sako ta a mota zuwa Gashuwa.

Likita ya duba ta a bayan labule tare da Sista, ya fito ya kira ni ofis. Ya ce abin ya wuce na wuƙa, amma yana da wani magani na jijiya da yake samowa daga wani babban asibiti, ana aiko masa ta jirgin ƙasa zuwa Nguru. Maganin bai daɗe da shigowa hannun likitoci ba, kuma awon da ke cikin takardarsa an yi shi ne a kan wasu mutane masu wani irin jiki da wani irin abinci. Babu wanda ya tabbatar da nawa mutanenmu za su ɗauka. Sai ya jawo katin Inna ya zana tsani mai hawa biyar a bayansa. Ya ce za mu fara daga na ƙasa. Duk bayan mako uku, in jikinta ya karɓa, mu hau ɗaya. Ranar da ya yi mata yawa sai mu sauko ɗaya mu tsaya a nan.

Na ce, "To yaya za mu san ya yi yawa?"

Ya ce, "Ita za ta gaya mana. Kai za ka tambaye ta."

Ya rubuta tambayoyi shida a gefen tsanin, ya sa na karanta masa su da ƙarfi. Tana amai? Tana zawo? Tana ganin jini, a bayan gida ko a dasashi ko a wani wuri? Akwai gyambo a bakinta? Tana zazzaɓi? Tana iya cin abinci? Na karanta tsaf, na ce ai wannan ba wani abu ba ne. Kullum ina yi wa mutane irinsu.

Ranar allura ta biyu Haruna ya kawo ta da motar safe. Ta zauna a bakin gado, lulluɓe tun daga ka har idon sawu, ta ba ni baya. Likita ya ɗauki kati ya jero tambayoyinsa shida da Turanci, ya juyo ya dube ni. Na buɗe baki. Wallahi na buɗe baki da niyyar faɗa. Amma kalmar zawo ta zo ta tsaya mini a maƙogwaro. Uwar matata ce fa. Matar da ba ta taɓa shan ruwa a gabana ba, ita zan tambaya yadda take fita bayan gida da abin da take gani a ciki? Sai na ji bakina yana cewa:

"Inna, likita yana gaishe ki. Ya ce yaya ƙarfin jiki?"

Ta ce da bango, "Da sauƙi, alhamdu lillahi."

Na juya na ce wa likita ta ce ta samu sauƙi.

Ya ce, "Duka shidan?"

Na ce, "Duka."

Ya yi dariya ya ce lallai yarenmu yana da saurin isar da saƙo. Ni ma na yi dariya. Na rubuta kalma ɗaya ta Turanci a katin, mai nufin an samu sauƙi, shi kuma ya sa biro ya ja layi a hawa na biyu.

Na san wasunku za su girgiza kai. Kai Sadiku, da kake ta cika baki cewa zamani ya canja, ranar nan da surukarka ta zo gidanka ba ta taga ka so fita ba? Je ka tambaye ta zawo ka dawo mu yi magana. Amma ba ina wanke kaina ba ne. Akwai abin da na sani sarai, wanda likita bai sani ba. Na san "da sauƙi" ba labarin jiki ba ne, amsar gaisuwa ce. A asibitin nan na ga mutumin da na ce wa yaya jiki da hantsi, ya ce da sauƙi, kafin azahar muka rufe shi da zane. Duk ɗan ƙasar nan ya san haka. Abin da ya rufe mini ido shi ne a wannan karon maganar ta yi kama da gaskiya. Sista tana auna ƙullutun da tef irin na tela, kuma bayan allurar farko ya ragu ƙwarai, bayan ta biyu ya ƙara raguwa. Uwarku har sadakar ƙosai ta yi. Ni na nemo maganin, ni ake yi wa godiya, ina so ya zama da sauƙin ne.

Ga wani abu kuma. Inna ba ta kwana a Gashuwa, don ba za ta kwana gidan suruki ba ko da za a yanka ta. Ana cire mata robar ƙarin ruwa za ta ce wa Haruna su kama hanya, kafin la'asar sun bar gari. Shi kuwa irin wannan magani ba ranar yake cizo ba. Sai an yi kamar mako guda yake fara aikinsa a jiki, ya yi ta yi har mako na biyu, a na uku jiki ya ɗan tattara kansa. Ashe ranar da jikinta ya fi dama-dama ita muke gani. In an ɗebi jininta an duba, sai a ga ya ɗan sauka amma bai kai na tsoro ba. In ta hau sikeli, nauyinta yana nan kusan inda yake. Duk abin da zai faɗa mana gaskiya yana Nguru, mu kuma muna Gashuwa muna hawa tsani.

Ranar allura ta uku likita ya ɗauko tocila ya ce yana so ya leƙa bakinta. Yana matsowa ta ƙara jan mayafi ta dunƙule. Ni kuma na ji ba zan iya tsayawa ana wangale bakin surukata ina kallo ba. Na ce masa a al'adarmu abin da nauyi, kuma ta riga ta ce babu komai a bakin. Ba ta ce ba. Sai ya mayar da tocilar aljihu. Ranar allura ta huɗu Sista ta ce ƙullutun bai ƙara motsawa ba tun bayan allura ta biyu, yana nan inda yake. Likita ya ce to tunda tana ɗauka lafiya, sai mu ƙara matsa masa. Ni na haɗa maganin a sirinji da hannuna. Na tuna har na ɗaga shi ga hasken taga ina ƙwanƙwasa shi da farce don iska ta fita.

Kwana goma bayan nan wani direban motar Nguru ya tsaya a ƙofar asibiti da rana tsaka, ya ce Haruna ya ce in zo da iyalina yanzu. Bai ce komai bayan wannan ba. An yi ruwa da safe, hanya ta ɓaci, sai bayan azahar muka isa. Uwarku ta shige ɗaki da gudu. Ni na cire takalmi zan durƙusa a inda na saba, sai na ga Ya Falmata zaune a bakin ƙofa ta miƙe ƙafa ta tare hanya. Ba ta amsa sallamata ba. Ta jawo wata ƙwarya da aka rufe da faifai, ta buɗe ta tura mini gabana.

Ta ce, "Kai ne malamin asibitin ko? To duba. Mene ne wannan?"

Gashi ne, cike da ƙwarya, baƙi da fari a cakuɗe.

Ta ce, "Gashin baiwata ne. Gashin da yake sauka har gadon bayanta. Tun allurarku ta biyu in na sa mataji sai ya biyo ni. Yanzu kanta kamar tafin hannuna. Bakinta kuwa, ni da nake fasa cikin kifi kullum, ban iya kallonsa sau biyu ba. Duk ta dawo daga wajenku sai ta yi kwana goma ba ta haɗiyi komai ba sai nono da nake ɗiga mata da cokali. Zawo har da jini. Ni nake wanke zannuwan, da sassafe, don kada matar Haruna ta gani."

Na ce, "Ya Falmata, amma sikeli bai nuna ta rame ba."

Ta ce, "Sikeli! Zani uku take ɗaurawa ranar zuwa Gashuwa, da riga biyu, ta zuba duk mundayenta, wai kada waccan ta ga ta rame hankalinta ya tashi ga goyo."

Na ce, "To me ya hana ta faɗa? Sau uku ana..."

Ban ƙarasa ba. Ta dube ni ido cikin ido, irin kallon da ba a taɓa yi mini ba.

Ta ce, "An tambaye ta? Ni da kaina na ce mata, ke baiwa, da kika gaya wa likitan kina zawo da jini me ya ce? Ta ce ai bai tambaya ba. Ta ce mutumin kirki ne, duk zuwa sai ya aiko a gaishe ta. Na ce to ni zan bi ki in faɗa masa. Ta rantse in na taka Gashuwa ta daina magana da ni har abada, wai zan je in kunyata ta gaban surukinta. Sai na ce a raina to ai surukin malamin asibiti ne, ya fi ni sani, ƙila haka maganin yake. Haka yake, Malam Garba?"

Na tsallake ƙafarta na shiga ɗakin, abin da ban taɓa yi ba. A ranar na fara ganin fuskar kakarku. Doguwar mace ce mai siririn hanci, irin na Zainab sak. Tana kwance a tabarma, ɗankwali ya zame, leɓɓanta sun tsattsage sun yi baƙi da busasshen jini, ga wasu ɗigo-ɗigo ja a wuyanta da hannuwanta. Na taɓa goshinta kamar na taɓa murfin tukunya a kan wuta. Ta buɗe ido ta gane ni. Sai na ga hannunta yana lalube a tabarma. Na ɗauka ruwa take nema. Ashe mayafi take nema ta rufe fuska, hannun kuma ya kasa ɗagawa. Uwarku ce ta ja mata shi.

Ba a iya ɗaukarta a mota a wannan halin. Na ari babur ɗin wani abokin Haruna na koma Gashuwa, ban san yadda na yi da taɓon hanya ba. Na samu likita yana shirin tashi. Na tsaya a gaban teburinsa da laka har gwiwa na faɗa masa duk abin da na gani. Ya saurara har na gama, ya jawo katin Inna ya kalle shi.

Ya ce, "Amma sau uku ka tambaye ta tambayoyin nan."

Na ce, "Ko sau ɗaya ban tambaye ta ba."

"To me kake ce mata?"

"Gaishe ta nake yi."

Ya cire tabarau ya ajiye a kan tebur. Ban taɓa ganinsa ba tabarau ba sai ranar. Ya ce, "Kalmar nan da take faɗa kullum, wadda nake ji kowa yana faɗa mini a ɗakin nan, me take nufi?"

Na ce, "Tana nufin mutum ya ji gaisuwar, ya gode wa Allah."

"Ko yana mutuwa?"

"Ko yana mutuwa."

Sannan ya buɗe aljihun tebur ya fito da wasu katuna uku na mutanen da suke kan wannan maganin, ya jera su. Kowanne da tsaninsa a baya, kowanne da kalmar nan tawa a gefe, da rubutuna. Su kam na yi musu tambayoyin, amma duk wanda ya ce da sauƙi ban matsa masa ba, na rubuta sauƙi na wuce. Likita ya ja layi a kan dukkansu ya ce ba wanda za a ƙara yi wa allura sai ya duba shi da idonsa. Ya koma kan katin Inna, ya bi awon Sista da yatsa, ya tsaya a hawa na biyu.

Ya ce, "A nan ya kamata mu tsaya. Duk abin da maganin zai yi mata ya gama yi a nan. Biyun da muka ƙara ba su taɓa ciwon ba, ita suka taɓa."

Na jira ya zage ni ko ya kore ni, har na so ya yi. Bai yi ba. Ya ce shi ma yana da ido da tocila, ya mayar da ita aljihu. Wannan maganar ta fi zagi ciwo.

Da gari ya waye muka tafi Nguru a motarsa da ledojin ƙarin ruwa da alluran kashe ƙwayar cuta. Ya durƙusa a gaban tabarmar ya duba ta, wannan karon Ya Falmata ce ta riƙe mata haɓa tana cewa, "Buɗe baki, baiwa, yau ba wanda zai cece ki." Muka sa ruwa, muka yi allura. Da muka fito tsakar gida ya gaya mini a hankali cewa ƙwayoyin jinin da suke kare mutum daga cuta sun ƙare mata, kuma abin da zai iya yi da kayan da ke hannunsa kaɗan ne. Ya koma Gashuwa don akwai masu jiransa. Ni na zauna a bakin ƙofar ɗakin, a waje, inda na saba durƙusawa. Ina ta kuka kamar ƙaramin yaro, ba na ko ɓoyewa.

Can na ji Inna tana motsa baki. Ya Falmata ta kai kunne, ta daɗe a sunkuye. Da ta ɗago idonta ya yi ja.

Ta ce, "Wai ka daina, ba kyau babba yana yi a gaban mata. Wai ka koma bakin aikinka kada likita ya yi maka faɗa saboda ita."

Ta sake sunkuyawa, ta sake ɗagowa. Ta ce:

"Wai kuma kada ka damu, ranar allura ta biyar za ta zo. Ba za ta ba ka kunya a gaban likita ba."

Washegari tsakanin azahar da la'asar Allah ya karɓi abarsa.

A wajen zaman makoki, ranar uku, bayan an shafa fatiha, kawunku Haruna ya miƙe a gaban jama'a ya ce yana so kowa ya shaida. Ya ce ciwon daji ba a yi masa dabara, amma abin da suruki zai yi wa uwa Garba ya yi, har likita ya ɗauko ya kawo Nguru cikin taɓo. Ya ce Allah ya saka mini da alheri, Allah ya ba ni masu yi mini. Mutane suka ce amin. Ga bakin magana an buɗe mini, da na miƙe na faɗa a lokacin da an wuce wajen. Na sunkuyar da kai na ce amin tare da su. Ya Falmata ba ta tona ni ba har ta koma ga Allah. Amma tun daga ranar in na tsaya a gaban tirenta a kasuwar Nguru sai ta ce kifin an riga an saya, alhali ga shi tuli a gabanta.

Na yi shekaru da yawa a aikin asibiti bayan nan, kuma ma'aikatan da suka zauna a ƙarƙashina sun san ni da masifa a kan abu ɗaya. In ka rubuta mini "sauƙi" a kati sai ka koma ka tambayo ɗaya bayan ɗaya, in mace ce ka nemo wadda take sakin baki da ita ta tambayar maka. Suna ce mini Malam Shida a bayan idona, suna tsammanin ban sani ba. Wannan ya amfani wasu, ina fata. Bai dawo da kowa ba.

Da na yanke shawarar rubuta wannan, na ga bai dace ku karanta abin da uwarku ba ta ji ba. Shekaranjiya bayan la'asar na same ta a ƙofar ɗaki tana tsince shinkafa, na zauna a kujerar tsugune na faɗa mata komai, tun daga tsanin har zuwa tocila. Ina magana ina jiran ta saki farantin ko ta tashi ta bar mini wajen. Hannunta bai tsaya ba har na kai ƙarshe.

Ta ce, "Malam, ai na sani."

Na ce, "Kin sani? Falmata ce ta gaya miki?"

Ta ce, "Ba wanda ya gaya mini. Ranar da ka shigo ɗakin na ga fuskarka. Kuma da aka zo wankanta ni na riƙa zuba ruwa, na ga jikinta gaba ɗaya. Ƙullutun ya kusa ɓacewa. Na san ba shi ba ne."

Na ce, "Habi, duk shekarun nan? Me ya hana ki tambaye ni?"

Ta cire wani ɗan dutse daga cikin shinkafar ta jefar gefe, ba ta ɗago ba.

Ta ce, "Nauyinka na ji."